Minti Uku a Bakin Murhu

Daren da abin ya fara kama Tordo,
iskar duwatsu na dukan kwanon rufi,
ina ɗinkin ragamar doki a bakin murhu.
Ya miƙe, ya ƙura wa bango ido
kamar an kira shi daga bayan katako,
sai ya kife ta gefe.
Ƙafafu huɗu na gudu, ba inda za su.
Kumfa a baki, fitsari a daɓe,
haƙora na ƙaras-ƙaras kamar mai tauna tsakuwa.

Na yi wauta, ba zan ɓoye ba:
na kai hannu bakinsa wai kada ya haɗiye harshe.
Ga tabon nan a yatsana.
Bai san ni ba,
shi da muka yi shekara huɗu bayan tumaki ɗari shida
cikin ƙanƙara da taɓo.

Da asuba muka aza shi a motar Floridor,
awa uku muna bin gaɓar kogin Baker
kafin garin Cochrane.
Likita Yasna Cárcamo, sa'ar autata ce,
ba ta yi saurin ɗauko allura ba.
"Don Nibaldo, akwai gubar ɓera a rumbunka?
Ya ci mushen da aka ɗana wa dila?
Doki ya taɓa harbinsa a ka?
Uwarsa fa, tana faɗuwa?"
Na ce a kwali aka ba ni shi,
wa ya san uwarsa.

Ta ɗebi jini, ta duba hanta, ƙoda da sukari,
duk lafiya lau.
Ta ce a tsohon kare sai a ji tsoron ƙari a ƙwaƙwalwa,
amma na Tordo, da alama da shi ya zo duniya:
farfaɗiya,
wutar da ke tartsatsi a kai ba wanda ya hura ta.
Na ce, "Tana mutuwa?"
Ta ce, "Ba a kashe ta, ɗaure ta ake yi."

Da ya sake faɗuwa kafin wata ya ƙare
ta ba ni igiyar ɗaurin:
farar ƙwaya, ba ta kai wake ba,
ɗaya da safe, ɗaya da dare.
"Ko ya shekara bai faɗi ba, kada ka yanke masa,
yankewar ce ke kwance ta.
Ka riƙa kawo shi mu ga yadda hanta ke ɗauka.
In ta wuce minti biyar, ko ta dawo a yini guda,
ka buga min ƙofa ko tsakar dare ne."

A hanya Floridor ya ce harsashi ya fi ƙwaya araha,
kare mai faɗuwa ba ya tsaron garke.
Na kalli kogi, ban tanka ba.
Ni ma ai ƙwayar hawan jini nake sha,
ba wanda ya auna ni da harsashi.

Yanzu kwalabenmu biyu a kan taga.
Tawa da ruwan zafi,
tasa a cikin kitsen rago.

Shekaranjiya ta dawo, bayan wata biyar.
Na janye kujera, na kare murhu da jikina,
na rage fitila, na riƙe hannuna a aljihu,
na zuba wa agogo ido.
Minti uku.
Ban san minti na da tsawo haka ba.
Ya tashi yana tangaɗi, ya yi karo da ƙofa,
ya shanye ruwan kwano tas,
ya daɗe yana shinshina takalmina
kafin ya tuna ko ni wane ne.

Na rubuta a bayan littafin ƙidayar tumaki:
Talata, ƙarfe tara, minti uku.
Yau da hantsi tunkiya mai yankakken kunne ta ɓace a kwazazzabo.
Ban ko yi fito ba,
na hango shi yana koro ta.